An daki motata ta baya, kamfanin inshora ya ce in karɓi N850,000 in sa hannu: in karɓa ko in nemi lauya?

Baban_Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Yau sati biyar ke nan wata motar kamfani mai rarraba kaya ta daki Corolla ɗina ta baya a titin Zariya, wajen Na'ibawa a Kano, muna tsaye a cunkoso. Ƙarfin dukan ya tura ni na daki ƙarfen gefen titi, gaba da baya duk suka tafi: but ya shige ciki, bamba biyu, fitilu uku, lagireto ya fashe. Uwargida tana gaba, ta dafe da hannu, sai tsintsiyar hannunta na dama ta karye. An yi ɗauri a asibiti, amma har yau wuyanta ba ya juyuwa sosai.

'Yan sanda sun zo sun zana wurin, direban bai yi musu ba, ya ce birki ne ya ƙi. Kamfaninsu ya haɗa ni da masu inshorarsu, suka turo injiniya ya ɗauki hotuna. Jiya suka kira ni, sun ce za su ba ni N850,000. Lissafin bakanikena N1,920,000 ne, asibiti kuma na kashe N310,000 zuwa yanzu. Sun turo takarda, a ciki an rubuta cewa wannan shi ne biya na ƙarshe, ba ni da sauran wata da'awa a kan hatsarin. Jami'in ya ce in sa hannu kafin Juma'a, in ba haka ba fayil zai koma baya. Da motar nake kai yara makaranta, da ita nake zuwa aiki. In karɓa ne, ko in nemi lauya?

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Sannunku da arziki, Allah ya tsare gaba. Ya mai jiki? Don Allah kada ka sa hannu tukuna, ka jira masu sani su shigo.

Ɗan_Kwari:
Alhaji karɓi abinka. Tsuntsun da ke hannu ya fi na kan bishiya. A ƙasar nan samun kamfanin inshora da ya ɗaga waya ma ya kira ka sa'a ce. Ni da ɗan sahu ya goge mini ƙofa, haƙuri kawai na samu. Ka shiga kotu ka shekara uku kana zarya, kuɗin kuma yana narkewa, abin da 850 za ta saya maka yau ba za ta saya baɗi ba.

Usta_Ƙofar_Ruwa:
Ɗan_Kwari, 850 ba za ta tada motar da aka daka gaba da baya ba, ni sana'ata ce. Baban Sadiq, tambayata ɗaya: an ɗaga motar an duba ƙasanta? Dukan da ya shigar da but ciki yakan taɓa ƙashin motar. Idan ya lanƙwashe, sai an ɗora ta a kan injin ja an miƙe shi, in ba haka ba za ka riƙa cin taya gefe guda kuma sitiyari yana jan ka. Injiniyoyin nan da yawa daga tsaye suke ɗaukar hoto su tafi. Abin da ido bai gani ba, biro ba ya rubutawa.

Ka ce su ba ka lissafinsu dalla-dalla, kaya ɗaya bayan ɗaya. Za ka tarar fitilar da muke sayarwa yau sun sa mata farashin shekara biyu da suka wuce, wani abin kuma da ya kamata a canza sun rubuta a gyara. Sannan ka samo lissafi daga gareji biyu daban, a kan takarda mai sunan garejin da hatimi, ba a bayan kwalin filogi ba.

Barista_H:
Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Zan yi magana a dunƙule, wanda zai ba ka shawara ta ƙarshe shi ne lauyan da ya riƙe takardar a hannunsa ya karanta.

Takardar da suka turo maka ita ce ta sallama. Da zarar ka sa hannu ka karɓi kuɗi, kusan ka rufe ƙofa, kuma yawanci ba kamfanin inshora kaɗai take wankewa ba, har da mai motar da direbansa. Kotu ba ta cika buɗe abin da baligi mai hankali ya sa wa hannu da kansa ba. Wannan shi ya sa nake ganin maganar "kafin Juma'a" matsin lamba ce kawai. Babu dokar da ta ce haƙƙinka ya faɗi ranar Juma'a. Akwai wa'adin shigar da ƙara, ya danganta da jiha da irin ƙarar, amma ba a sati biyar yake ƙarewa ba. Inda ake gudu shi ne idan motar gwamnati ce ta buge ka, don akwai dokar da ke kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata uku. Taka ta kamfani ce, wannan bai shafe ka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne sun haɗa mota da rauni a takarda guda. Abu biyu ne daban. Tun 1 ga Janairu 2023 da NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, ta mayar da kuɗin inshorar ɓangare na uku (wadda ke biyan wanda motarka ta yi wa ɓarna) daga N5,000 zuwa N15,000, iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiya ya tashi daga miliyan ɗaya zuwa miliyan uku ga motar gida. Motar ɗaukar kayan kamfani iyakarta miliyan biyar ce. Ka ga lissafin bakanikenka bai ma kusanci rufin ba. Shi kuwa rauni da rasa rai ba sa cikin wannan iyakar, lissafinsu daban ne.

Baban_Sadiq:
Na gode Barista. Wallahi ban san wannan ba, jami'in ya nuna mini kamar alfarma suke yi mini. Da na tambayi yadda aka kai 850, ya ce sun cire kaso don motar tsohuwa ce, ƙirar 2010, kuma akwai wani kaso da ake cirewa a kowace da'awa. Usta, gaskiya ba a ɗaga ta ba.

Tsohon_Ma'aikacin_Inshora:
Na yi shekara goma sha ɗaya a sashen biyan da'awa kafin in koma kasuwanci, bari in faɗa maka yadda abin yake daga ciki. Tayin farko ba kasafai yake zama na ƙarshe ba. Ana sa shi ƙasa ne don an san yawancin masu zuwa a gajiye suke, za su karɓa. Ba wai ina da ƙididdiga ba, abin da idona ya gani ne a teburi.

Cire kaso saboda tsufa yana da tushe: idan aka sa maka sabon kaya fil a madadin wanda ya yi shekara goma sha biyar, ka fi yadda kake kafin hatsari, inshora kuwa mayar da kai inda kake take yi. Amma idan lissafin bakanikenka na kayan Beljiyam ne, to tsoho ne a madadin tsoho, ba su da hujjar cirewa sau biyu. Ka rubuta musu haka.

Ɗaya kason kuma, wanda ya ce ana cirewa a kowace da'awa, yarjejeniya ce tsakaninsu da wanda ya sayi inshorar. Kai ba ka sayi komai a wurinsu ba. In sun cire, kamfanin da ya buge ka ne zai cika maka, kuma shi ya sa bai kamata ka wanke kamfanin a takarda ba tun ba a cika ba.

Kuma ka daina magana da su ta waya kawai. Duk abin da aka faɗa maka, ka ce a turo a rubuce. Wasiƙar da ka kai, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Fayil mai takardu shi manaja yake tsoro.

Uwar_Biyu:
Ni maganar hannun Hajiya ce ta tsaya mini. Shekara huɗu da suka wuce motar haya ta faɗi da mahaifiyata a hanyar Gwarzo. Aka ce buguwa ce kawai a baya. Yayanmu ya je ya karɓi N120,000 ya sa hannu, har muna godiya. Wata uku bayan nan ƙafarta ta fara ɗaukewa, tana tafiya silifa ya zame ba ta ji ba. Hoto ya nuna ƙashin baya ya danne jijiya. Abin da muka kashe ya ninka wancan sau da yawa, sai da na sayar da sarƙata. Da muka koma, takardar da Yaya ya sa wa hannu suka ɗauko suka ajiye mana a kan tebur, ba wanda ya ɗaga murya.

Sannan Baban Sadiq, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Hannun nata ne. Ba kai za ka yafe ko ka sayar da haƙƙinta ba sai da saninta. Ka zaunar da ita ka karanta mata takardar.

Barista_H:
Hajiya Uwar_Biyu ta faɗi abin da na manta. A doka ma da'awar rauni ta matarka ce, da sunanta za a yi ta. Ku nemi rahoton likita a rubuce daga asibitin da aka yi ɗaurin, ku ajiye kowane rasit har na magani da na hoto. In tana sana'a da hannun, wannan asarar ma tana shiga lissafi.

Baban_Sadiq:
Ɗinki take yi a gida, keke biyu gare ta da yarinya ɗaya mai koyo. Ɗinkunan biki uku ta mayar wa masu su. Hajiya na gode, ban ji haushi ba, gaskiya kika faɗa.

Abu_Maryam:
Ni dai ina ganin mun yi nisa da neman duniya. Hatsari ƙaddara ce, ba wanda ya fito da niyyar ya buge wani. Allah ya bar ku da rai, me ya fi wannan? Iyayenmu in aka yi irin wannan cewa suke yi Allah ya kiyaye gaba, kowa ya kama gabansa. Kuma ita kanta inshorar nan malamai da yawa ba su natsu da ita ba, akwai garari, wato rashin tabbas a ciniki, da riba a cikinta. Ka yafe, Allah zai mayar maka da mafi alheri.

Malam_Na_Zaure:
Malam Abu Maryam, yafiya alheri ce, ba mai musun wannan. Amma ba a wajabta ta a kan wanda aka yi wa ɓarna, kuma ba a kunyata shi don ya nemi haƙƙinsa. Kuskure yana ɗauke zunubi, ba ya ɗauke ramuwar dukiya. Ko kisan kuskure Allah ya sanya masa diyya da kaffara a Suratun Nisa'i, aya ta 92, sai in magada sun yi sadaka da ita da kansu. Ƙaddara ce, amma diyyar ma tana cikin hukuncin wanda ya ƙaddara.

Saɓanin malamai a kan sayen inshora ne, shi ya sa aka samar da takaful, wato inshorar Musulunci, kuma yanzu akwai kamfanoninsa masu lasisi a ƙasar nan. Baban Sadiq ba shi ya ƙulla wannan ciniki ba. Bashinsa yana kan wanda ya buge shi, shi kuma ya wakilta wanda zai biya.

Wani abu da zai amfane ku: a mazhabarmu ta Malikiyya ba a yanke kuɗin rauni sai bayan ya warke, don a ga ko ya koma yadda yake ko ya bar naƙasa. Kun ga abin da Hajiya ta ba da labari shi malamanmu suka toshe tun tuni.

Abu_Maryam:
Na karɓi gyara a kan diyya, Akaramakallahu. Amma har yanzu zuwa kotu bai kwanta mini ba. Sulhu ya fi.

Direban_Tirela_Kd:
Ku bari mu ma direbobi mu ce wani abu. Alhaji, ka bincika ko kamfanin ba a wuyan direban nan ya ɗora ba. Na san inda aka yi haka, inshora ta biya wani abu, ragowar aka riƙa yanka daga albashin yaro har wata goma. Alhali tun kafin ranar ya sha faɗa wa manaja birki yana sanyi, ana ce masa ka lallaɓa zuwa ƙarshen wata. Tunda ya ce birki ne, wannan maganar ta shiga rahoton 'yan sanda.

Baban_Sadiq:
Wallahi wannan yana raina. Yaron har asibiti ya biyo mu, ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu, ya kasa shigowa. Ba na son a cuce shi saboda ni.

Barista_H:
Tunda a bakin aikinsu yake lokacin da abin ya faru, doka tana ɗora wa kamfanin alhaki. Lauyanka zai iya fuskantar kamfanin kai tsaye. Kuma Malam Abu Maryam, ɗaukar lauya ba ya nufin kotu. Mafi yawan irin wannan a wasiƙa biyu ko uku yake ƙarewa. A Kano ma akwai sashen sasanci a ƙarƙashin Babbar Kotun Jiha, inda ake zaunar da ɓangarori a daidaita ba tare da doguwar shari'a ba.

Sani_Fanteka:
Ku dai kuna ta lissafin miliyoyi, ni tambayata ita ce: kun tabbata inshorar ta gaske ce? Da yawa daga takardun da ke cikin motocinmu a gindin bishiya aka buga su, a bakin ofishin lasin. Ni kaina shekara uku ina yawo da ta bogi ban sani ba, sai da aka fara kamen nan na motoci marasa inshora a Fabrairun 2025 na duba.

Maman_Ilham:
Ya ake dubawa? Ni mai yi mana takardu ne yake kawowa a haɗe, ban taɓa karantawa ba.

Sani_Fanteka:
Hajiya danna *565*11# a wayarki ki sa lambar motar, ko ki shiga shafin NIID, rumbun bayanan inshorar motoci na ƙasar nan. In ba ta fito ba, ki koma wa mutumin nan. Duk wanda ya ce zai yi miki da dubu uku ko biyar ga motar gida, ba ta gaske ba ce, kuɗinta N15,000 ne.

Tsohon_Ma'aikacin_Inshora:
Ta wannan kamfanin ta gaske ce, da ta bogi ce ba wanda zai turo injiniya. Mu koma kan tambayarsa. Akwai hanyar da ba ta cin kuɗi: idan ka rubuta musu suka yi shiru ko suka dage ba hujja, NAICOM tana da sashen karɓar koke. Ka haɗa rahoton 'yan sanda, hotuna, lissafin gareji, da wasiƙunku. Kamfani ba ya son sunansa ya je can, don lasisinsa a hannunsu yake.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu a nan dokar inshora ta haɗin gwiwa ce da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci, ana kiran ta CIMA, kuma kuɗin rauni yana da ma'auni a rubuce: likita ya faɗi girman naƙasar, a lissafa bisa mafi ƙarancin albashi. Ciniki kaɗan ne, amma jira akwai shi. Abin da na koya shi ne kada a ɗaga mota kafin jandarma su rubuta. Da yawa ana taruwa a ce ku yi haƙuri ku janye kun tare hanya, daga baya kowa ya canza magana.

Ɗan_Kwari:
Duk na ji, amma ba wanda ya faɗi kuɗin lauya. A ƙara masa dubu ɗari biyar, lauya ya ɗauke uku, ribar me aka ci? Kuma kullum yana biyan ɗan sahu kai yara da ɗauko su. Barista ki faɗa mana gaskiya, da sana'arki muke magana.

Barista_H:
Tambayarka daidai ce Alhaji. Akwai mai karɓar kuɗin rubuta wasiƙa da karanta takarda kawai, wannan ba shi da yawa idan aka kwatanta da giɓin da ke tsakanin 850 da abin da aka kashe, wanda ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Akwai mai cewa sai an biya ya ɗauki kaso. Ko wanne ne, a rubuta kafin a fara: kaso nawa, daga wane kuɗi, kuma cek da sunan wa zai fito. Ni shawarata ya fito da sunan mai haƙƙi. Idan da ƙofa kawai aka goge masa kamar taka, zan ce ya yi cinikinsa da kansa. Karaya da wuyan da bai saki ba ne suka sa na ce ya nemi lauya. Kuɗin ɗan sahun ma ya riƙa rubutawa, ana neman asarar rashin amfani da mota, ko da ba duka ake samu ba.

Uwar_Biyu:
Kuma a kai ta a sake duba wuyan. Sati biyar ya yi yawa a ce buguwa ce.

Baban_Sadiq:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani. Ban sa hannu ba, Juma'a ta wuce, kuma fayil bai koma ko'ina ba, Litinin da safe su suka kira ni. Na kai wasiƙa da lissafin gareji biyu, an buga mini hatimi. Da aka ɗaga motar an ga ƙashin baya na hagu ya lanƙwashe kamar yadda Usta ya ce. Yanzu sun ce N1,300,000, amma har yanzu takarda guda suke so ta rufe komai. Na ga wani lauya ta hannun ƙanin matata, ya ce zai nemi a raba, a biya na mota yanzu a bar na rauni a buɗe. Uwargida ta ce ita ba ta yafe ba kuma ba ta matsa ba, a jira abin da likitan ƙashi zai ce ranar Laraba.

Ɗan_Kwari:
To ka ga an ƙara 450 ba ka je kotu ba. Ni a nan zan tsaya, kada zari ya sa a rasa duka.

Tsohon_Ma'aikacin_Inshora:
Ba za a rasa ba Alhaji, tunda sun amsa alhaki a rubuce. Amma raba takardar nan za su yi ta jan ƙafa a kai, sun fi son rufe fayil gaba ɗaya. Lauyan ya karanta kalmomin sabuwar takardar da kyau, wani lokaci kan takarda yana cewa mota, ƙasanta yana cewa komai.

Usta_Ƙofar_Ruwa:
1.3 ɗin nan kafin a ga ƙashin ne ko bayan an gani? In kafin ne, injiniyansu ya dawo ya leƙa da idonsa tun motar tana kan jak, kada bakanikenka ya taɓa komai sai ya zo.

Baban_Sadiq:
Kafin ne Usta. Bari in kira bakaniken yanzu, ya ce yau zai fara kwance bamba.